Dangin Uwa

Warri, ranar Lahadi, tsakiyar damina.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da mahaifiyarka da ƙannenka da duk mutanen gidan Baffanka a Kazaure. In kun tambayi lafiyata, alhamdu lillahi, sai dai gwiwar nan da ruwan garin nan da ba ya ɗaukewa.

Takardarka ta iso ranar Laraba. Na karanta ta sau uku a kan teburina, mutane na tsaye suna jira in rubuta musu tasu, har wani mahauci ya ce, "Malam, in rasuwa aka yi ka faɗa mana mu yi maka ta'aziyya, in ba haka ba ka sallame mu." Shekara ashirin da wani abu ke nan ina zaune a bakin gidan waya ina rubuta wa mutane wasiƙa, ta neman aure, ta saki, ta ban haƙuri, babu wadda ta taɓa gagarata. Wannan kuwa takarda ta uku ce, biyu na yaga.

Bari in fara da abin da zai ɓata maka rai. Ba zan zo addu'ar sallamar da Baffanka ya shirya maka ba, ba kuma zan raka ka filin jirgi a Kano ba. Kada ka ce nisa ne, kada ka ce gwiwa ce. Baffanka ya gayyato mutanen ƙauyenmu na arewa da Babura, ni kuwa ba zan iya zama a tabarma ɗaya da su ba. Dalilin yana cikin takardar nan. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe.

Takardar Baffanka ma ta zo a makon. Ga abin da ya ce: "Yaya, ka yi wa ɗanka magana. Gwamnati ta ba shi kujerar karatu a Amurka, 'ya'yan mutane na tafiya injiniya da likita da aikin mai, shi wai Cikano. Na ce da shi, kai da ka shekara bakwai kana cin Kano a makarantar kwana, ba ka ƙoshi ba sai ka je Amurka ka ƙara ci?" Na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba. Kada ka riƙe shi a zuciya. Shi ya riƙe ku duk shekarun da ba na nan, kuma yana ganin yadda yaran da ba su kai ka ƙoƙari ba suka zama 'yan kwangila suna wuce shi a mota. Ni ma ina ganinsu a nan, sun fi ƙuda yawa. Mutumin da jiya ni na rubuta masa takardar neman aikin lebura, yau in ya zo sayen kan sarki ba ya sauke gilashin mota. Ban ce arziki laifi ba ne. Amma ban taɓa sa rai za ka zama irinsu ba, saboda haka ba rashin injiniya ne ya dame ni ba.

Abin da na fahimta daga bayaninka shi ne, mutanen nan da ake ce wa Cikano asalinsu daga Meksiko ne da ƙasashen da ke kudu da ita, bakinsu Sifaniyanci, suna zaune a Amurka. Wasu kakanninsu na wurin tun kafin a ja iyaka, iyakar ce ta zo ta same su a gonakinsu. Wasu kuma tsallakowa suke yi, da mai takarda da marar takarda, su tsinki inabi da tumatir da latas a gonakin masu hali, in aikin ya ƙare su koma ko su zarce wata gonar. Ka ce 'ya'yansu ne suka matsa wa jami'o'i har aka buɗe sashen nazarin tarihinsu da zamansu, kuma malaminku na kwaleji da kuke kira Balarabe saboda gashinsa, alhali ɗan cikinsu ne, shi ya sa maka son abin. Sannan ka ce a shekara ta biyu za a tura ku unguwanninsu da masaukin leburorin gona, da littafi da rikoda, ku yi hira da su ku rubuta.

A wannan layin na ajiye takardar. Abba, wannan ai cin rani ne. Wannan ai Babura ce. Ka ɗauka za ka ƙetare teku ka ga baƙin mutane, ni kuwa na san su tun ba a haife ka ba.

Zan fara da ƙaramin kuskurena, don in samu ƙarfin faɗar babban.

Ka ce sunan nan Cikano da can zagi ne, daga baya samarinsu suka ɗauke shi suka mai da shi abin alfahari. Na gane wannan sarai. A garin nan ba ni da suna. Yaro da babba, ɗan sanda da mai tallan lemo, kowa "aboki" yake ce min. Ka san ma'anar kalmar a bakinmu, babu mai daɗinta. A bakinsu kuwa tana nufin wannan ɗan Arewan da ba sai an san sunansa ba. In mu ya mu muka haɗu a Sabo, unguwar Hausawa, wani ya ce "kai aboki, matsa min," dariya muke yi. In ɗan garin ya faɗa, sai ka ji kamar an watsa maka ruwan wanke kifi. Kalma ɗaya ce, baki ne ya bambanta. To ni da nake ƙorafi, ina saurayi haka na yi wa wasu. Duk wanda ya gangaro daga arewa da raƙumi ko jaki, "ɗan Faransa" nake ce masa, ina ganin wasa ne. Wata rana a kasuwar Babura wani dattijo mai sayar da kanwa ya dube ni ya ce, "Yaro, Faransa ta kashe min 'ya'ya biyu a aikin hanya. Ka kira ni da kowane suna, ban da nata." Na rasa inda zan sa fuskata. Saboda haka in ka je, kada ka ɗauki sunan da ke jikin ƙofar ajinku ka liƙa wa kowa. Wani zai so shi, wani tsoho zai ji ka zage shi. Ka tambayi mutum yadda yake so a kira shi, in ya faɗa ka riƙe. In ka ji suna kiran junansu da wani suna suna dariya, kada ka ɗauka an ba ka izini.

Yanzu ga babban. Mahaifiyarka ta sani, Baffanka ya sani, na roƙe su kada su gaya maka. Laifina ne da ka kai wannan shekaru ba ka ji daga bakina ba.

Shekaru kaɗan kafin 'yancin kai, na fito daga makarantar Midil ke nan, wani Bature mai bincike ya zo ƙasar Babura. Ba Di'o ba ne, ba ɗan mishan ba ne, ɗalibi ne kamar yadda za ka zama. Dogo, siriri, rana ta ƙona masa wuya, muna ce masa Mai Tambaya. Ya zo ya rubuta yadda muke noma da gado da kasuwa. Hakimi ya ce a ba shi tafinta, ni kaɗai ne mai Turanci a ƙauyenmu, aka ba shi ni. Ya saya min wandon kaki, ya ba ni keke. In ka ga yadda nake shiga gari a kan keken nan, ka ce ni na kawo Turawa ƙasar.

A lokacin akwai wata al'ada a garinmu da ba a faɗarta. Duk wanda ya tsallako daga ƙasar Faransa yana gudun aikin tilas ko ɗaukar soja, ba a ce masa baƙo. Dagaci zai raba su gida-gida, kowane maigida ya ce dangin uwarsa ne. Ka san me ya sa na uwa? Dangin uba kowa ya san su, suna cikin takardar haraji, ana iya bin su kaka da kakanni. Uwa kuwa daga wani gari ake auro ta, ba mai bin diddigin danginta, kuma babu mutumin kirki da zai tsaya yana yi wa wani tambayoyi a kan uwarsa. Ko malamin haraji in ya ji an ce "dangin uwa ne," sai ya sunkuyar da kai ya wuce. Da shi da dagaci da liman duk sun san abin da ake nufi. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce wannan asiri ne, don ba a zaci akwai ɗan garin da sai an gaya masa ba.

A gidanmu akwai ɗaya. Zan kira shi Illa, ba sunansa ba ne. Sa'ana ne, an zaɓe shi soja a garinsu, ya gudo da ƙanwarsa. Kakanka, wanda kake ɗauke da sunansa, ya ce 'ya'yan ƙanin Iyarsa ne. Shekara biyu ni da Illa ƙwarya ɗaya muke sa hannu, kunya ɗaya muke bi a gona. Ya fi ni ƙarfi, in ya gama tasa sai ya juyo ya taro tawa yana tsokanata, "Malam, Turancin bai iya huɗa ba?"

Wata rana da hantsi muna zaune da Mai Tambaya a gindin gawo kusa da rijiya, yana duba gidajen da muka zaga. Sai na ga fuskarsa ta washe. Ya ce, "Abin mamaki! A garin nan kusan kowane gida dangin uwa sun fi na uba yawa. Ashe ku da can ta wajen uwa kuke gado, littattafai duk sun yi kuskure." Har ya fara rubutu da sauri, yana murna kamar ya tsinci zinariya.

Da na yi shiru, da shi ke nan. Da ya koma ƙasarsu da kuskurensa, malamai su yi ta gardama a kai, ba wanda zai rasa ko akuya. Amma na kasa. Ba duka aka yi min ba, ba alkawarin komai aka yi min ba. Kawai na ga Bature mai digiri bai san abin da ni na sani ba, na ji daɗin ya kai min har wuya. Na yi dariya na ce, "A'a, ranka ya daɗe, ba haka ba ne." Na warware masa komai. Ya ce, "Misali?" Na ce, "Kamar Illa na gidanmu." Ya tambayi wasu, na lissafa masa uku, suka zama huɗu. Ya kasa rubuta sunayen daidai, na karɓi alƙalamin na gyara masa da hannuna.

Zan yi wa mutumin nan adalci. Ba mugu ba ne. Har ya ce min wannan dabara ta fi duk abin da ya gani a ƙasarmu kyau. Amma sharaɗin izinin da aka ba shi shi ne duk wata uku ya kai wa Di'o kwafin abin da ya rubuta. Shi bai kawo komai a ransa ba, ni ma ban san da sharaɗin ba, ban kuma tambaya ba. Di'o na neman shiri da kumandan Faransa na tsallake a kan wata rigimar shanu, sai ga kyauta ta faɗo masa a tebur. Da Mai Tambaya ya ji abin da ake shirin yi, ya hau mota har Kano yana roƙo. Aka ce masa maganar ta riga ta shiga fayil.

Dogarai suka zo da safe muna shirin fita gona. Ɗaya ya zaro takarda ya karanta sunaye huɗu, bai yi tuntuɓe a ko ɗaya ba, don ni na gyara su. Akwai wani Bature ƙarami tare da su a kan doki. Da aka kama hannun Illa, ya juyo wajena, ko tsoro babu a fuskarsa, ya ce, "Malam, kai da ka iya bakinsu, gaya masa ni dangin Iya ne."

Abba, ni da Turanci ke zuba a bakina kamar ruwan kwata, ko kalma ɗaya ban iya furtawa ba.

An kai su iyaka aka miƙa su. Uku sun dawo bayan shekaru. Illa an ce an sa shi a jirgin ruwa zuwa wani yaƙi na Faransa a ƙasar da ba mu ma san sunanta ba. Ba gawa, ba takarda. An tuɓe dagacinmu. Kakanka bai dake ni ba, bai ɗaga murya ba. Magana ɗaya ya yi, a zaure, a gaban mutane: "Mun tura ka ka koyo bakinsu, ashe kunnensu ka zama." Daga ranar sunana Kunnen Bature. Ba wanda ya kore ni. In na iso majalisa sai a koma hirar ruwan sama, in na tashi a ci gaba. Na jure shekara uku, na kwashe mahaifiyarka kana goye na kai ta Kazaure wajen Baffanka, na ce zan je cin rani. Ranin ne har yau bai ƙare ba.

To ka ji abin da nake tsoro. Ba na tsoron ka sha giya, na san tarbiyyar mahaifiyarka. Ba na tsoron sanyi ko Turawa. Kai nake tsoro, don na san irin kanka, nawa ne. Kana da saurin ganewa, kana da son a san ka gane. Mutanen nan za su so ka. Za su ga baƙar fata, baƙo kamarsu, ɗan manoma, wanda ya san zafin sunkuyo a gona. Za su ba ka abinci, su koya maka bakinsu, wata rana kuma cikin raha su gaya maka tasu kalmar. Ban san ta ba, amma na rantse suna da ita. Duk mutanen da iyaka ta ratsa suna da nasu dangin uwa. Ranar da ka ji ta, ka sani ba ilimi aka ba ka ba, amana aka ba ka.

Kafin ka buɗe littafin nan a gaban kowa, ka tambayi malamanka wa zai karanta shi bayan kai, wa kuma zai karanta bayan su, a wane ɗaki za a ajiye shi, wa ke riƙe da makulli. Tambayar da ban yi ba ke nan. Kada ka rubuta sunan mutum na gaskiya, ko na garinsu, ko na mai gonar da yake wa aiki, ko ta inda ya shigo. Rikodar nan ta fi ba ni tsoro, don ni da alƙalami kaɗai na yi ɓarnata, kai kuwa muryar mutum za ka ɗauka, wadda ba ya iya musunta. Kada ka kunna ta sai ka gaya masa wanda zai ji. In ya ce kashe, ka kashe, kada ka koma ɗaki ka rubuta abin da ya faɗa bayan ka kashe. Kuma ranar da babban malaminku ya tsaya a gaban aji ya faɗi abin da ka san kuskure ne, gyaran kuma sai ka tona wani, ka bar shi da kuskurensa. Za ka ji abin yana cin ka a maƙogwaro. Ka haɗiye. Na san ɗacinsa, na kuma san ɗacin ɗayan.

Ban ce karatun banza ba ne, kada ka fahimce ni a karkace. Da a ce akwai ɗan garinmu da ya rubuta abin da aka yi wa mutanen tsallake a aikin hanya, da yau ba a manta ba. Mutanen da ba a rubuta wahalarsu ba, sai a ce ba su sha ta ba. Ka rubuta zafin ranar, da ƙarancin ladan, da yadda ake yi wa 'ya'yansu a makaranta in sun yi bakin iyayensu, duk abin da su da kansu suke so duniya ta ji. Abin da suke so a ji daban, abin da suke rayuwa da shi don ba a ji ba daban. Aikinka ka iya rabewa. In ka kasa rabewa, ka tambaye su, ba malaminka ba.

Akwai wani kuskuren da na yi a nan Warri, shi ma ka ji shi. Kusa da teburina akwai wata mata 'yar garin mai soya kifi, Kirista ce, kowa Mama yake ce mata. Farkon zuwana kullum sai ta miƙo min abinci a ganye, kullum sai in kau da kai in ce na ƙoshi. Tsoron abin da aka dafa da shi nake yi, amma ban taɓa buɗe baki na gaya mata ba. Shekara biyu tana ganin ƙyamarta nake. Ranar da ta gaji ta tsaya a kaina ta ce, "Aboki, hannuna ne ke da datti ko kifin?" Da na yi mata bayani ta yi tsaki ta ce, "Shi ke nan? Kifi ne da manja da barkono, wawa!" Tun ranar nake ci. Kai ma za a miƙo maka. An ce suna cin naman da ba ma ci. Kada ka kau da kai kamar ni. Ka faɗi abin da addininka ya hana a fili, da fara'a, ka ci wake da masarar da ke gefe. Mutum na yafe wa wanda ya ce "ba na cin wannan," ba ya yafe wa wanda ya ƙi hannunsa.

Ba don abinci kaɗai na kawo maganar Mama ba. Lokacin yaƙin basasa, wasu masu bindiga sun shigo garin nan suna bi layi-layi suna neman 'yan Arewa. Da rana tsaka ne, ban samu gudu ba. Mama ta fizge hulata ta jefa a wuta, ta ɗaura min tsohon zanen mijinta, ta zaunar da ni a bayan kaskonta ta tura min kwandon kifi in kankare. Suka iso, ɗaya ya nuna ni da bakin bindiga ya ce wane ne wannan. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Ƙanin uwata ne daga can saman kogi. Kurma ne, ba ya ji ba ya magana." Ya daka min tsawa a kunne. Ban motsa ba. Ya sake, na ci gaba da kankarar kifi. Suka karɓi soyayye biyu suka wuce.

Ka ji fa, Abba. Dangin uwa. Matar da ba ta taɓa jin sunan Babura ba, ba ta san kalmar ba, ita ta rufe ni da ita. Kuma abin da ya cece ni ranar shi ne rufe bakin da na kasa yi a gindin gawo. Da akwai wani yaro mai wayo irina a layin nan, mai son a san ya sani, da ba ka da uban da zai rubuto maka wannan. Da suka tafi na zauna ina kuka a kan kifin mutane, tana zagina wai zan sa masa gishiri ya yi yawa.

Abu biyu nake roƙonka.

Na farko, kafin ka hau jirgi ka je garin Gwiwa. Ƙanwar Illa tana aure a can, mahaifiyarka ta san gidan. Ba na ce ka nema min gafara ba, wannan ba a aike. Ka je ka gaishe ta, ka zauna, ba littafi ba biro. In ta tambaye ka ɗan wane ne, ka faɗi gaskiya. In ta yi magana ka saurara, in ta yi shiru ka zauna cikin shirun har ta sallame ka. In ta ce ka fita, ka fita, tana da gaskiya. Ina so ka ga fuskar wanda aka rubuta, tun kafin ka fara rubuta kowa. Abin da za ka koya a tsakar gidan nan, babu jami'ar da za ta koya maka.

Na biyu ya fi nauyi. Ka tuna kai ma baƙo ne a can, da biza kake zaune, wanda ya ba ka yana iya karɓewa. Wata rana ana iya kiranka ofis, a ba ka kujera, a yi maka fara'a, a ce ka kawo littafin a duba, in ba haka ba zamanka ya ƙare. Za ka tuna shekarun da ka kashe, da dariyar da Baffanka zai yi, da idon mahaifiyarka. Ina gaya maka tun yanzu don kada ka yi shawara kai kaɗai a ranar: ka hana. Ka dawo hannu wofi. In ka dawo da digiri da littafi mai tsabta, alhamdu lillahi, zan yi murna daga nan. In kuwa ka dawo ba digiri saboda ka hana su sunan wani, ka bugo min waya kafin ka taso. Ranar zan zo Kano da gwiwar nan, in tsaya a filin jirgi, daga can mu wuce ƙauyenmu tare, in zauna a majalisar da na gudu daga gare ta, ko za a koma hirar ruwan sama.

Ban san yadda za ka dube ni ba bayan ka karanta wannan. In ka ga ba za ka iya ba ni amsa yanzu ba, ba zan yi fushi ba. Amma ka rubuta wa mahaifiyarka duk wata, da manyan baƙaƙe yadda ƙanwarka za ta iya karanta mata. Ka riƙe salla ko da kai kaɗai ne a garin. Ka sayi rigar sanyi tun a Kano.

Tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka ba. Kai ne na fari, kuma sunan mahaifina ne. Wataƙila kana yaro ka ɗauka rashin so ne. A wajenmu wanda ya fi tsada shi ne ba a faɗar sunansa. Haka nake so ka riƙe mutanen nan. Naka sunan yana bayan ambulan, sau ɗaya, don gidan waya ba su san kunya ba.

Allah ya kai ka lafiya, ya tsare ka a sama da ƙasa, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa kai ma ka zame musu na kirki. Allah ya tsare harshenka da alƙalaminka daga cutar da wanda ya ba ka ruwa. Allah ya jiƙan kakanka, ya jiƙan Illa duk inda ƙasa ta rufe shi. Ka gaishe da mahaifiyarka da Baffanka da yara. Mama ta ce in gaya maka ka ci abinci.

Wassalam.

Ni ne,
Mahaifinka.